Gidan Kubisa

A Tudun Wada, bayan masu wankin huluna,
akwai zauren da ƙofarsa ta karkace tun ina yaro.
Ce wa mai mashin ya kai ka gidan Malam Jatau,
zai kashe inji ya tsaya yana zare ido.
Ce masa Gidan Kubisa,
ba ya ko waiwaye.

Sunan nan shi muka gada,
ba gona, ba rumfa a kasuwa.
Ranar farko a makaranta malami ya ɗago daga rajista:
"Kubisa? Gari ne ko sana'a?"
Na ce ban sani ba.
Har aka tashi yara na bi na, "ku bi sa, ku bi sa,"
wani ya kafa yatsu biyu a goshi, wai ƙaho.

Baba Dikko mahauci ya rantse haka aka yi:
sa ne ya tsinke da jajiberin Salla,
kakanmu na gaba yana ihu, unguwa na bayansa.
Goggo Tasalla ta ce ƙaryar mahauta ce,
daga Kubanni ne, a bakin rafin aka haife shi.
Wani malami a Gyallesu ya juya sunan a Larabci
har shayinsa ya huce, bai ba da komai ba.

Sai bara da damina ta ci ɗakin tsoho
muka jawo akwatin kwano daga ƙarƙashin gado.
Sifana goma sha biyu a naɗe cikin tsumma,
da hoto guda, gara ta ɗanɗani gefensa:
Bature dogo, hannu duk baƙin mai,
yaro a kusa da shi riƙe da fitila,
bayansu injin gurzar auduga.
A baya, da tawadar da ta koma ruwan ƙasa: Kubitza.

Nan tsofaffi suka fara tuno abin da ba su taɓa mantawa ba.
Makanike ne, ba Ingilishi ba,
Turawan ma kallon baƙo suke masa.
Yana son kosai, Hausarsa na ɗingishi.
Jatau ya riƙe masa fitila shekara tara
har sunansa ya ɓace, sai Yaron Kubisa.
Da yaƙi ya tashi a ƙasarsu
mota ta zo da asuba.
Bai ko ƙarasa ɗaure kusar da ya kwance ba.

'Yata Luba ta tambayi wayarta.
Ta ce wai daga can ne inda Jamus ta jingina da Polan,
inda harsuna biyu ke cin tuwo a akushi ɗaya,
kuma masu sunan ba su da yawa,
tsilli-tsilli, kamar gero a tabarmar da aka kaɗe.
Ta ƙara dubawa, ta yi shiru.
"Baba, wai asalinsa Yakubu ne. Yakubu ƙarami."

Goggo ta yi dariya har carbi ya faɗi.
"Yakubu? Duk wannan wahala?
Ashe Yakubu ne ya tafi ci-rani,
sanyi ya tauna shi,
ya dawo gida ba mu gane shi ba."

Daren nan na ƙirga mu a bayan takardar wuta.
Talatin da bakwai a Zariya,
biyar a Kaduna, ɗaya na sayar da taya a Fatakwal,
ban da wanda ke ciki.
Ko a can wata tsohuwa ta taɓa ƙirga nasu
ta tsaya a kan kawun da ya tafi ƙasar rana,
ta ce, wannan bai bar baya ba?

Na rataye sifana ɗaya a zaure.
Baba Dikko ya zo, ya dube ta, ya dubi hoton,
ya ce ya ji, ya gani,
amma san nan baƙi ne, kuma ƙahonsa ɗaya a karye.